Idan kun je ziyara Fas, ga yadda za ku haɗa kai ku je Walili ku dawo a yini ɗaya

Mutanenmu na Katsina da Daura da ke zuwa Maroko yawanci abu ɗaya ke kai su, ziyarar zawiyar Shehu Ahmad Tijjani a Fas, sai a ɗan leƙa masallacin Ƙarawiyyin, a shiga kasuwa a sayi jallabiya da takalmin fata, a dawo. Ba laifi. Amma wallahi abin yana damuna in ji mutum ya biya kuɗin jirgi har Kasablanka, ya sha wahalar biza, ya yi mako guda a Fas, sannan bai san cewa tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota akwai kufan wani birni na Rumawa da ya kai shekara 2,000 ba. Turawa suna ce mishi Volubilis, mutanen wajen suna cewa Walili. Yana arewa da birnin Maknas da kamar kilomita 30, a gindin duwatsun Zarhun, kuma tun 1997 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Shawarata ita ce ku je ku kaɗan, da motarku ta shata, da ɗan jagora na gaske, kuma ku yi sammako. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kuɓuce to rabin daɗin ya tafi.

Farko dai maganar yawan mutane. Kada ku wuce mutum shida zuwa takwas. Dalili shi ne babbar tasi ta can mutum shida take ɗauka, in kun fi haka sai ƙaramar bas, kuma in kuka yi yawa a cikin kufan nan na baya ba ya jin abin da ɗan jagora ke faɗa saboda fili ne ga iska, sai ka ga wasu sun watse ɗaukar hoto ana ta kiran su, ana jiran Alhaji wane, Hajiya wance ta zauna ta ce ƙafarta. Ku zaɓi mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, kowa ya ba shi kason shi tun daren jiya, kuma ya zama dirhami a hannu, ƙananan canji, don kar ku dogara da kati a wajen. Abu na biyu da za ku duba a cikin tawaga shi ne harshe. Masu jagora a Walili suna jin Faransanci da Turanci da Larabci, amma Larabcin da suke yi tsakaninsu Darija ce, ko ɗalibin da ya yi zurfi a littattafai sai ya sha wuya kafin ya kama, don haka ku ce ya yi muku fusha, wato Larabcin littafi, a hankali. In akwai ɗan uwa daga Maraɗi a cikinku mai jin Faransanci to kun huta, shi zai riƙa fassara.

Maganar mota kuma, a nan ne ake cutar baƙi. Ku tambayi mai masaukinku ko muƙaddamin da ya kawo ku ya haɗa ku da direban da ya sani, kar ku kama wanda ya tare ku a bakin ƙofar gari yana muku kirari. Kafin a tayar da mota a gama ciniki tsaf: kuɗin na mota ne gaba ɗaya ba na kowane kai ba, zuwa da dawowa, har da jiran da zai yi muku, awa biyu cur a Walili da kuma tsayawa a garin Maulay Idris. Ku tambaye shi ƙarara ko kuɗin shiga yana ciki, yawanci ba ya ciki, a ƙofa ake yankan tikiti. Ku ba da kafin alƙalami kaɗan, cikon sai an dawo. Sannan ku faɗa mishi tun farko ba ku son a tsaya da ku shagon darduma ko na man shafawa, don wasu suna da kamasho a wajen masu shaguna, za su cinye muku awa guda a kan shan shayi da tallan kaya, ku isa kufai rana ta take. Kuma ku sani direba daban ɗan jagora daban. Ko da kamfanin yawon buɗe ido kuka bi ta intanet suka rubuta akwai jagora, ku tambaya jagoran zai shiga da ku cikin kufan ne ko kuwa ajiye ku za a yi a ƙofa.

Wasu za su ce me ya kai mu biyan wani ya nuna mana duwatsu. To ɗan uwa, ka tuna baƙon da aka kai rijiyar Kusugu a Daura ba wanda ya ba shi labarin Bayajida da macijiya, rijiya kawai zai gani ya juya. Haka Walili take. A bakin ƙofar shiga akwai masu jagora da hukuma ta ba lasisi, suna da katin shaida, ku nemi ganin shi ba kunya a ciki, ku daidaita kuɗi da tsawon lokaci kafin ku taka. Ku ce mishi kuna son zagaye cikakke har ƙofar ganuwar da ake kira ƙofar Tanja da ke can sama, don in ba ku faɗa ba wasu sai su kai ku tsakiya ku yi hoto su juyo da ku.

Akwai magana ɗaya da ya kamata shugaban tawaga ya ja ɗan jagoran gefe ya faɗa mishi tun daga ƙofa. Rumawan nan kafin Kiristanci ya shige su masu bautar gumaka ne, zanen da ke daɓen gidajensu akwai na allolinsu akwai na mata suna wanka ba tufafi, kuma akwai wani dutse da aka sassaƙa abin da ba a nunawa gaban iyaye ko surukai, wasu masu jagora suna son kai Turawa wajen a yi dariya. In kuna tare da malamai da iyaye mata ku ce ya tsallake muku wannan, zai gane, shi ma musulmi ne. Wanda kuma zuciyarshi ke ɗar-ɗar da zuwa irin wannan wuri, ya duba Suratur Rum aya ta 9, inda Allah ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, alhali sun fi ƙarfi, sun nome ƙasa sun raya ta.

Lokacin fita, ku bar Fas da misalin ƙarfe 7 na safe bayan kun karya. Kar ku sa ranar Juma'a tunda ba wanda zai so ya rasa Juma'a da zikiri a zawiya. Watan Maris zuwa Mayu ya fi, gonakin alkama sun yi kore shar ga furanni a tsakanin duwatsu. Yuli da Agusta zafi ne na gaske kuma wajen ba inuwa, kar ku ce ai mu 'yan Katsina ne mun saba, tafiyar awa biyu a kan dutse mai zafi da hawa da gangara wani abu ne daban. Disamba da Janairu kuma sanyi ne da ruwan sama da taɓo. Babbar riga a bar ta a masauki, a sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa ba silifas ba, kowa da gorar ruwanshi da hula ko lema. Banɗaki yana wajen ƙofa ne, a gama da shi kafin a hau.

Da kun shiga akwai ɗan gidan adana kayan tarihi, ku ba shi minti goma sha biyar ku ga taswirar garin don kanku ya ɗauka. Garin ya kai kadada 42, an kewaye shi da ganuwa mai tsawon kilomita 2.6 da ƙofofi takwas, wadda aka gina a shekarun 168 da 169 miladiyya zamanin sarki Markus Awreliyus, kuma ana ƙiyasin mutum kusan 20,000 suka zauna ciki lokacin da yake tashe. Amma ba Rumawa suka kafa shi ba, wannan ku riƙe shi, Barbar ne 'yan ƙasa tun wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya ya zama ɗaya daga cikin garuruwan masarautar Mauritaniya ta dā, ba ƙasar Mauritaniya ta yanzu ba, wadda sarki Juba na biyu ya mulka, shi ne ya auri 'yar Kiliyofatara ta Masar. Ɗansu ne sarkin Rum Kaligula ya sa aka kashe a shekara ta 40 miladiyya, bayan nan Rum ta haɗiye ƙasar.

Wajen da nake so ku daɗe shi ne matsar man zaitun da ke kusa da farkon hanya, wadda aka sake haɗa ta don mutane su gani. Akwai dutsen niƙa, akwai wani ƙaton gungume da ake dannawa a kan kwandunan zaitun da aka niƙa, akwai 'yar kwata da aka sassaƙa a jikin dutse inda man ke bi ya zuba cikin kwarmi, a bar shi ya kwanta ruwa ya sauka ƙasa mai ya taso sama. Sa yatsanka cikin kwatar nan ka ji yadda ta yi sulɓi. An gano irin wannan matsa har 58 a garin, to ka ga daga ina arzikin ya fito, mai da alkama ne suka gina waɗannan gidaje. Kuma in ka ɗaga kai har yau gonakin zaitun ne kewaye da wajen.

Daga nan sai gidan da ake kira na Orfiyus, daɓen falon an jera shi da ƙananan tsakuwoyi masu launi, kowace ba ta kai kan yatsa ba, an fitar da mutum yana kaɗa abin kiɗa dabbobi sun kewaye shi, har da giwa, wanda ke nuna maka irin namun dajin da ke arewacin Afirka a lokacin. Kusa da shi gidan wanka ne, ka sunkuya ka ga ƙananan ginshiƙan bulo da suka ɗaga daɓen, ta ƙarƙashi ake hura wuta zafi ya bi ya ɗumama ɗakin. Sai ku hau zuwa tsakiyar gari inda ɗakin bautarsu yake da matakala, an gama shi a 218, da babban zauren shari'a mai bakuna, a kan ginshiƙan za ku ga sheƙar shamuwa irin tasu ta can, fara ƙatuwa mai jan baki. Akwai kuma daɓen da yara ke so, wani ɗan wasa ya hau jaki ya juya baya yana fuskantar wutsiya.

Babbar ƙofar nan da ake gani a duk hotunan Walili an gina ta a 217 don girmama sarki Karakalla da uwarshi Juliya Domna. Shi ne ya ba duk ɗan da ba bawa ba a daular 'yancin zama ɗan Rum a 212, kuma ubanshi Saftimiyus Seferus ɗan Afirka ne, haifaffen Labda da ke Libiya ta yanzu. A shekarar da aka gina ƙofar aka kashe Karakallan. Daga gindinta babban titin garin ya miƙe har ƙofar Tanja, gidajen attajirai dama da hagu, shaguna a gaba, ruwa kuma daga wani marmaro a duwatsun Zarhun aka jawo shi ya shigo gari, ƙazantaccen ya fita ta magudanar da ke ƙarƙashin titin. A nan dattawa kan gaji, ku samu gindin bango su huta matasa su ƙarasa. Dan Allah kar kowa ya tsallake igiya ya taka daɓen, kar a zuba mishi ruwa don launi ya fito a hoto, kuma kar a ɗauki ko tsakuwa ɗaya a aljihu, laifi ne a dokar ƙasar.

Abin da ya fi taɓa ni game da Walili shi ne abin da ya biyo bayan Rumawa. Sun janye wajen shekara ta 285 amma mutane ba su tashi ba, suka ci gaba da zama ɗaruruwan shekaru. A 788 Idris bin Abdullahi, tattaɓa kunnen Sayyidina Hasan, ya iso nan bayan ya tsira daga yaƙin Fakhkh da aka yi kusa da Makka a 786, ƙabilar Awraba suka karɓe shi suka yi mishi mubaya'a, daga nan daular Idrisawa ta fara, wadda ta kafa Fas ɗin da kuka zo ziyara. Ya rasu a 791. Ku ce wa ɗan jagora ya nuna muku ɓangaren da musulmin farko suka zauna, ta gangare wajen rafi, don ba kowa ke ambaton shi ba sai an tambaya. Rushewar da kuke gani kuwa, Sarki Maulay Isma'il ya kwashi duwatsu da marmara ya gina Maknas da su, girgizar ƙasa ta 1755 ta ƙarasa sauran, sai a 1915 zamanin mulkin Faransa aka shiga haƙa gadan-gadan ana tayar da ginshiƙan.

In kun gama ku sallami ɗan jagora, in ya yi ƙoƙari a ƙara mishi tukuici, sai ku wuce garin Maulay Idris, bai fi kilomita 5 ba, kuna hango shi fari fat a kan tudu tun daga cikin kufan. Can kabarin Idris ɗin yake, can za ku yi azahar. A mashigar hubbaren akwai wani katako da aka gitta sai ka sunkuya za ka wuce, wanda ba musulmi ba iyakarshi nan. Garin duk matakala ne, don haka iyaye su tsaya a dandalin ƙasa inda ake gasa nama da niƙaƙƙen nama da burodi, ku tambayi kuɗin kwano kafin a kawo, masu ƙarfin gwiwa su hau su ga hasumiyar nan mai siffar ganga da aka lulluɓe da koren tayil da rubutun ayoyi, ginin 1939.

Direba zai iya cewa a biya ta Maknas a ga ƙofar Bab Mansur, wadda aka gama a 1732 kuma wasu ginshiƙan marmaranta daga Walili aka ɗauko su. In la'asar ba ta yi ba kuma kowa na da sauran ƙarfi ku tsaya minti talatin ku gani, in kuwa an gaji a bar ta, jirgin ƙasa tsakanin Fas da Maknas bai kai awa ɗaya ba, kuna iya ware mata wata rana daban. Ku dai kama hanya da wuri yadda magariba za ta same ku a Fas, a nan ne mai riƙe da kuɗi zai ba direba cikon kuɗinshi.