Jidda ga Sabon Zuwa: Rana, Takarda, Teku da Abinci

Yawancinmu mun ɗauki Jidda a matsayin mashiga kawai: a sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz, a shiga mota, sai Makka. Amma wanda aiki, karatu, kasuwanci ko aure ya kawo shi zama, ko wanda ya zo ziyarar 'yan makonni, zai tarar gari ne mai cin gashin kansa, kuma lokacin harkarsa daban yake da namu. Ɗan'uwa, idan ka gane wannan da wuri, ka rage wa kanka wahala mai yawa.

Mu fara da rana. Mu 'yan Arewa muna ganin babu zafin da zai ba mu tsoro, shi ya sa ba ma jin gargaɗi. Zafin Sakkwato ko na Maiduguri busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Na Jidda jiƙaƙƙe ne saboda Bahar Maliya, iska ta yi nauyi, riga ta manne a jiki, mutum ya galabaita bai ankara ba. Daga Yuni zuwa Satumba kada ka yi tafiyar ƙafa tsakanin hantsi da La'asar sai dole, kuma kada gorar ruwa ta bar hannunka. Ruwan famfo daga teku ake tace shi, yawancin mutane wanka da wanki suke yi da shi, na sha kuwa saye ake yi. Daga Disamba zuwa Fabrairu gari yakan yi daɗi, lokacin yawo ke nan. Ruwan sama ba shi da yawa, amma ranar da ya sauko da ƙarfi ka zauna a gida, kada ka bi hanyar ƙarƙashin gada. Ambaliyar Nuwamba 2009 ta ci rayuka fiye da 100 a garin nan.

Saboda zafin ne garin ya zama na dare. Da rana titi sai motoci, amma bayan Magariba za ka ga iyali sun fito da yara, kasuwa ta cika, gidajen abinci na aiki har bayan sha biyun dare. A watan azumi abin yakan kai kusan Asuba. Hutun mako Juma'a ne da Asabar, Lahadi ranar aiki ce. Wasu shaguna har yanzu suna rufewa lokacin salla, wasu sun daina, don haka ka lura da na unguwarku.

Kafin yawo, takarda. Idan zama ka zo, igamarka, wato katin izinin zama, ita ce komai: da ita za ka sayi layin waya, ka buɗe asusun banki, ka kama haya, ka ga likita. Kada ka fita ba tare da ita ba. Ka sauke manhajar Absher da ta Nusuk, ta farkon don hidimomin gwamnati, ta biyun don Umara da ziyarar Rauda. Fasfo naka ne, doka ba ta ba kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka, ikon riƙe shi ba. Bizar ziyara da ta Umara ba ta aiki ba ce, kuma duk wanda ya ce maka ka zarce kwanakinka, "kowa ma haka yake yi", ba masoyinka ba ne, domin ƙarshenta tara ce da tarhil, wato a tasa ƙeyarka gida, da haramta dawowa. Haka shiga Makka lokacin aikin Hajji babu izini. Ina roƙonka da Allah kada ka riƙe wa kowa jaka ko ƙunshi a filin jirgi, ko da dattijo ne mai carbi a hannu, domin safarar ƙwaya a ƙasar nan hukuncinta yakan kai kisa. Nijeriya da Nijar duk suna da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda, ka san inda naku yake tun ba ka shiga matsala ba. Lambar gaggawa 911 ce.

Idan da kwatancen tsofaffin alhazai ka zo, ka sake tambaya. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni da dama, irin su Sabil, Karantina, Kandara da Gulail, inda mutanenmu suka daɗe da zama, jama'a suka watsu. Wanda za ka sauka wurinsa ya turo maka wurin ta taswirar waya. Garin shimfiɗe yake a bakin teku, daga kudu zuwa arewa tafiya ce mai nisa, kuma da mota ake rayuwa a cikinsa. Manhajojin kiran mota na Uber da Careem suna aiki. Idan kai ke tuƙi, kyamarorin kan hanya ba sa ɗaga ƙafa.

Wurin da nake so ka fara zuwa shi ne Balad, tsohon gari. Tun shekara ta 647, zamanin Sayyidina Usmanu ɗan Affan, aka mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka, kuma ta nan kakanninmu da suka ratso Chadi da Sudan da ƙafa, wasu shekara da shekaru a hanya, suka fito bayan sun ƙetare teku. Da yawansu ba su koma ba. Jikokinsu ne za ka ji ana kira Hausawi, Barnawi ko Fallata, 'yan ƙasa ne cikakku, wasu na jin Hausa, wasu sai gaisuwa. Idan ka tuna da wannan kana ratsa lungunan Balad, tafiyar ba za ta zama kallon gini kawai ba.

Gidajen wurin da dutsen murjani na teku aka gina su, hawa uku, huɗu, har fiye, da tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, waɗanda ke shigo da iska su tare rana, mata kuma su ga titi ba a gan su ba. UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Ka nemi gidan Nasif, wanda aka kammala a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga garin a 1925. Bishiyar da ke ƙofar gidan darbejiya ce, kana ganinta za ka gane ta. Ka yi salla a masallacin Shafi'i, ka bi ta kasuwar Alawi inda ake sayar da turare, kayan yaji, dabino da yadi, a nan ana ciniki sosai. Ganuwar garin an rushe ta a 1947, amma sunayen ƙofofi sun tsaya, kamar Bab Makka da Bab Sharif. Ka je bayan La'asar ka kai dare. Kada ka ɗauki hoton mutum, musamman mace, sai da izininsa, laifi ne a doka.

Wata ranar kuma sai Kornish, wato bakin teku. Ba a biyan kuɗin shiga. Ka ɗauki darduma da fulas ɗin shayi kamar yadda 'yan gari ke yi. Daga nan ake hango Nafurar Sarki Fahad, wadda tun 1985 take cilla ruwan teku sama fiye da mita 260, ta fi kyau da dare in an haska ta. Can arewa akwai masallacin Rahma da aka gina a kan ruwa. Mai son ninƙaya ko shiga kwalekwale ya nufi Abhur, kuma a shiga ruwa inda aka ba da izini kaɗai. 'Yar'uwa, kada ki yarda a ce miki mace ba ta fita: za ki ga mata da 'ya'yansu cike da wurin, wasu ma su suka tuƙo kansu, tun da aka halatta musu tuƙi a 2018.

Abinci kuwa, kada ka yi wata guda kana neman tuwo kana ƙin na gari. Karin kumallon talaka da mai kuɗi ɗaya ne: ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodi mai zafi daga tanderu, yana da arha yana riƙe ciki. Akwai ma'asub, ayaba da burodi da aka kirɓa da zuma da kirim, akwai mutabbak mai ƙwai da niƙaƙƙen nama. Da rana shinkafa ce, bukhari, mandi ko kabsa, kuma faranti ɗaya yakan ishi mutum biyu, don haka kada ku yi oda kowa da nasa ku zubar. Salig shinkafa ce da aka dafa da romo da madara har ta yi laushi, abincin Hijaz ne na asali. Kazar Albaik, da aka fara a garin nan a 1974, za ka ci ta ko don layin da za ka gani. Amma abin da bai kamata ya wuce ka ba shi ne kifi. Ka yi sammako zuwa babbar kasuwar kifi da ake kira Bangala, ka zaɓi najil ko hamur, a gyara maka, ka kai a soya ko a gasa. Ranar da kewar gida ta taso, tsirenmu na nan da ƙuli-ƙulinsa, siriye suke ce masa, Larabawa ma layi suke yi.

Kusan ko'ina ana biya da kati ko waya, har bagala, wato ƙaramin shagon unguwa, amma ka riƙe 'yan riyal don Balad da Harajin Sawarikh, babbar kasuwar gwanjo ta kudancin gari, inda sabon zuwa zai haɗa kayan ɗaki da sauƙi. Akwai harajin kashi 15 cikin 100 a kan yawancin kaya, ka duba rasit. Haya kuma a rubuta ta a tsarin Ejar na gwamnati, kada ka biya kuɗin shekara da baki.

Makka ba ta kai kilomita 100 daga nan ba. Jirgin ƙasa na Haramain, da ya fara aiki a 2018, yana tashi daga tashar Sulaimaniyya da ta filin jirgi, ya kai ka Makka ko Madina, sai dai a sayi tikiti da wuri a azumi da ƙarshen mako. Mazaunin Jidda daga gidansa yake ɗaukar harami, domin yana cikin mikati. Wanda ya taso daga gida da niyyar Umara hukuncinsa daban ne, ya tambayi malaminsa tun kafin ya hau jirgi.