Yadda Za Ku Ga Aikin Ipl1 da Idonku a Cikin Yis Mai Rabuwa

Ga ɗalibanmu da ke ɗakunan gwaje-gwaje a Jidda, Makka da Madina, wannan gwaji ne da za a gama cikin yini guda idan an shirya yis tun daren jiya. Abin da yake nunawa shi ne yadda ɗora fosfet a kan furotin ke gyara kuskuren ɗaure kuromosom, aikin da wani enzayim mai suna Ipl1 ke yi.

Yis ɗin burodi, Saccharomyces cerevisiae, yana da kuromosom 16. Bayan an kwafe kowanne, tagwayen suna manne da juna da furotin kohesin. Kowane ɗan tagwaye yana da maɗauri, wato kinetoko, wanda zare ɗaya tak na mikrotubul ke kamawa. Zarurrukan suna fitowa daga kai biyu na mazari, wato tsarin da ke jan kuromosom zuwa ɓangarori biyu. Ɗauri mai kyau shi ne wannan ya kama kan dama, wancan ya kama kan hagu, sai ja-in-ja ya sa igiya ta yi tauri. Idan duka biyun suka kama kai ɗaya, babu tauri. A nan Ipl1, ɗan'uwan Aurora B na jikin mutum, yake ɗora fosfet a kan furotin ɗin maɗauri, Dam1 da jelar Ndc80, riƙon ya saki, a sake gwadawa. Da zarar tauri ya samu, Glc7 ya cire fosfet ɗin, ɗaurin ya zauna. A gefe guda Mps1 yana sa fosfet a kan Spc105, wanda ke kiran Bub1 da Bub3 su tsayar da rabuwa har a gama gyara; wannan shi ne tsaron rabuwa.

Za ku buƙaci iri biyu, duka MATa, wato jinsin yis da alfa-fakta ke tsayarwa: lafiyayye, da mai ipl1-321, gurɓataccen nau'in Ipl1, wanda furotin ɗinsa ke aiki a digiri 23 zuwa 25 amma ya mutu a 37. Kowanne ya kasance da jerin lacO guda 256 kusa da santiromiya ɗaya, wato inda maɗauri yake zama, tare da GFP-LacI, furotin mai haske kore da ke manne wa guntayen DNA na lacO, domin kuromosom ɗin ya fito kamar ɗigon kore. Idan akwai Spc42-mCherry, alama mai haske ja, a kan kawunan mazari, ya fi.

Zafi shi ne makunnin gwajin nan gaba ɗaya, kuma a ƙasar nan shi ne abin da ya fi ɓata shi. "Zafin ɗaki" da takardun Turai ke faɗa ba namu ba ne. Faranti da aka bari a mota da rana, ko a kan tebur daren da na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ya riga ya sha zafin da zai sa ƙwayoyin su tara kuromosom fiye da ƙima, ko waɗanda suka sami wani sauyin da ya rufe lahanin su mamaye sauran. Ku ajiye ipl1-321 a inkubeta mai sanyaya, ku sa ma'aunin zafi a cikin kwalbar ruwa kusa da shi, kada ku yarda da lambar da ke jikin ƙofa. Kafin a fara, ku shafa irin a faranti biyu, ɗaya a 25 ɗaya a 37. Idan ya tsiro a 37, ku zubar, ku ɗauko sabo daga firiza.

Ku rena yis a YPD, wato kashi 1 cikin 100 na ruwan yis, 2 na fefton, 2 na gulukos, a digiri 23 zuwa 25. Idan irin W303 ne mai lahani a ƙwayar gadon ADE2, ku ƙara adenin, in ba haka ba jan launin da yake tarawa zai haska ya rufe ɗigon. Da safe a tsarma zuwa OD600, ma'aunin yawan ƙwayoyi, na 0.2, a zuba alfa-fakta, sinadarin da ke tsayar da su kafin su fara toho: maikurogiram 5 zuwa 10 a kowace mililita, ko ƙasa da 1 idan an cire BAR1, ƙwayar gadon da furotin ɗinta ke lalata alfa-fakta. Bayan awa biyu da rabi zuwa uku ku duba. Sai fiye da 90 cikin 100 ba su da toho sun yi tsini sannan a ci gaba. A wanke sau uku, a sake su cikin YPD da aka riga aka ɗumama zuwa 37 a kwamin ruwa. Ruwan sanyi a kwalba mai ɗumi yana jinkirta kaiwa 37.

Kowane minti 15 a ɗebi mililita ɗaya har awa biyu. A kafe da farafomaldihaid kashi 4 na minti 10 zuwa 15, a wanke, a sa DAPI, rinin da ke haska DNA. Kada a bar su cikin farafomaldihaid awa guda, kada kuma a yi amfani da etanol; duka biyun suna kashe hasken GFP, wanda dama ya dusashe a 37.

Ku ƙirga ƙwayoyi 100 ko fiye masu babban toho da DNA ya rabu gida biyu. A lafiyayye ɗigo ɗaya yana wajen uwa, ɗaya wajen 'ya. A ipl1-321 za ku ga da yawa ɗigon biyu sun tafi gefe guda, galibi cikin toho tare da tsohon kan mazari, kuma DNA ɗin bai rabu daidai ba. Ku lura ba sa tsayawa: tunda Ipl1 bai kwance komai ba, babu maɗaurin da ke wofi da zai tada tsaro. Ku gwada da nokodazol, maganin da ke rusa zarurrukan mikrotubul, maikurogiram 15 a mililita, za su tsaya, shaidar cewa tsaron kansa lafiya yake.

Mai son ganin fosfet ɗin a kan Dam1 sai ya fasa ƙwayoyin da asid ɗin TCA a kan ƙanƙara, ya gudu da su a jel na Phos-tag, wanda ke rage gudun furotin mai fosfet har ya fito a layin sama. EDTA a cikin samfur yana karkata layukan, amma jel ɗin kansa sai an jiƙa shi a EDTA kafin a kwashe furotin zuwa takarda. A ware kaso ɗaya a zuba masa lamda fosfatez, enzayim mai cire fosfet. Idan layin sama bai ɓace ba, ba fosfet ba ne.