Yadda ake gano abin da ke cinye RAM a burauzar Chrome

Da zarar kwamfuta ta fara nauyi, fanka na ta kuka, shafi ya ƙi buɗewa da wuri, abin da mutane da yawa ke fara yi shi ne goge cache, wato kwafin hotuna da fayilolin shafuka da burauza ke adanawa. Ba nan matsalar take ba. Cache a kan faifan ajiya yake zaune, ba cikin RAM ba, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita a take, kuma idan ka goge shi sai burauza ta sake sauke hotunan da ta riga ta adana, data ta tafi a banza. A fara gano mai laifin tukuna.

Danna Ctrl+Shift+Esc don buɗe Task Manager na Windows, ka shiga Performance ka duba Memory. Idan RAM ta kusa cika, Windows na kwashe wasu bayanai zuwa faifai, shi kuwa faifai, musamman tsohon HDD, bai kama ƙafar RAM a sauri ba. Daga nan nauyin ke zuwa. A jerin Processes kuma za ka ga Chrome ta fito sau goma ko fiye. Kada ka tsorata, ba cutar kwamfuta ba ce: da gangan ake ware wa kowane shafi wurin aikinsa, don kada faɗuwar ɗaya ta ja sauran.

To, koma cikin Chrome ka danna Shift+Esc. Nan za ka ga kowane shafi da kowace ƙarin manhaja (extension) da abin da take ci. Danna kan Memory footprint su jeru daga babba zuwa ƙarami, sannan ka zuba ido na minti biyu ba tare da taɓa komai ba. Shafin bidiyo ko taswira ya ci da yawa ba abin mamaki ba ne. Wanda ake nema shi ne wanda lambarsa ke ta hawa alhali ba ka aiki da shi. Wannan ya riƙe RAM ya ƙi saki. Zaɓe shi, danna End process, sai ka sake loda shafin.

Idan nauyin bai tafi ba, gwada Ctrl+Shift+N don buɗe tagar sirri, wato Incognito. A Incognito ƙarin manhajoji a kashe suke, sai wadda ka ba izini da kanka. Idan can komai na tafiya sumul, to cikinsu ɓarawon yake. Rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, kashe su duka, ka riƙa kunna ɗaya bayan ɗaya. 

Sai Memory Saver, wanda Google ta kawo a ƙarshen 2022. Yana chrome://settings/performance. Yana kwantar da shafukan da ka daɗe ba ka leƙa ba, ya saki RAM ɗinsu. Amma fa duk sanda ka koma sai shafin ya sake lodawa, don haka sa WhatsApp Web da akwatin imel a jerin waɗanda ba a kwantarwa.

Idan kuwa GPU Process, wato sashen da ke kula da zana hoto a allo, shi ne ya kumbura a jerin Shift+Esc ko allo na ƙyaftawa, sabunta direban katin hoto. In ya ƙi, kashe graphics acceleration a Settings, ƙarƙashin System, ka gani. Sai dai bidiyo zai fi wahalar da CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Burauzar da ta kwana biyu a buɗe kuma, rubuta chrome://restart, za ta rufe ta dawo da shafukanka.

Masu Firefox, about:processes ne madadin jerin Shift+Esc na Chrome, a about:memory kuma akwai maɓallin Minimize memory usage.

Kwamfuta mai 4GB, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata, duk dabarun nan sauƙi kawai za su kawo mata. A ƙara zuwa 8GB. Kafin ka je kasuwa, duba nau'in RAM ɗin kwamfutarka, ko DDR3 ce ko DDR4, domin ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya, kuma wasu laftof ɗin an liƙe RAM ɗinsu a jikin allon ciki, ba a iya ƙarawa.