Yadda Ake Shirya Tafiyar Ayari Daga Zariya Zuwa Magangarar Ruwa da Kwana a Can

Da zarar an kammala jarrabawa, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da Kongo da matasan cikin gari sukan yi karo-karo su ɗauki shatar mota domin zuwa kallon magangarar ruwa, kuma da yawansu sukan dawo da labarin wahala fiye da na nishaɗi. Mafi yawan wannan wahala tana faruwa ne a wurin kwana, saboda haka a can zan fi tsayawa.

A fara da zaɓen wuri da lokaci. Matsirga tana kusa da Kafanchan a kudancin jiharmu ta Kaduna, Gurara tana jihar Neja a kan hanyar Suleja zuwa Minna kuma tsawonta ya kai kimanin mita 30, ita kuwa Farin Ruwa da ke ƙaramar hukumar Wamba a jihar Nasarawa ta kai kusan mita 150. Ga ayarin da bai saba ba, Gurara ce ta dace, kuma a tafi tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ruwa ya ja baya, duwatsu suka bayyana. Gaskiya ne cewa ruwan ya fi ban sha'awa a watan Agusta, amma kwana a bakinsa a lokacin ganganci ne.

Kada a ɗauki direban da bai taɓa bin hanyar ba, ko da shatarsa ta fi araha, domin abin da aka rage a kuɗin mota za a biya shi a ɓata da faci. A tambayi direbobin tasha halin tsaron hanya ana gobe tafiya, a tashi daga Kwangila bayan sallar Asuba, a kuma ƙudurta cewa ba za a yi tafiyar dare ba ko da me zai faru. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, shinkafa da kayan shayi a sayo su a kasuwar Sabon Gari, tun da komai yakan ninka kuɗi a wurin 'yan yawon buɗe ido.

Idan an isa, shugaban ayari da mutum ɗaya mai shekaru su fara zuwa gaishe da masu kula da wurin da mai unguwar ƙauyen da ke kusa, su nemi izinin kwana, su kuma nemi ɗan gari da zai yi musu jagora. Idan aka ce ba a kwana, a koma masauki cikin gari ba tare da gardama ba.

Idan an ba da izini, sai a kula sosai da inda za a kafa tanti. Sabbin zuwa kullum rairayin bakin ruwa suke zaɓa, saboda yana da laushi kuma babu ciyawa, ba su san cewa rashin ciyawar shaida ce ta cewa ruwa yana bin wurin ba. Ruwan sama yana iya sauka can sama a inda kogin ya taso, nan kuwa gari garau, amma cikin dare kogi ya cika ya kawo. A duba jikin itatuwa da duwatsu: inda aka ga busasshiyar ciyawa da ledoji sun maƙale a reshe, ko wani layin laka a jikin dutse, to ruwa ya taɓa kaiwa nan, kuma wajibi ne tanti ya kasance sama da wannan alama da tazara mai kyau. A nemi tudu mai ɗan gangare, a share shi, a ɗaga duwatsun da ke wurin da sanda saboda kunama, kada kuma a kwanta ƙarƙashin busasshen reshe. Nisantar ruwa yana da wani amfanin, domin ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo da rana a ruwa mai gudu suke hayayyafa, kuma cizonsu na iya jawo cutar makanta, ga ƙarar ruwan da takan hana a ji kiran wanda ya shiga matsala. Duk wannan a gama shi kafin La'asar ta yi sanyi. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto ya bar tanti sai Magariba, da tocilar waya zai yi aikin, kuma ba zai ga alamar komai ba.

Tantin mata ya kasance a tsakiya, murhu a gefen da iska ba za ta kai wuta ga ciyawa ba, wurin bayan gida kuma a can nesa da kogi. Ruwan kogi sai an tafasa kafin a sha, kowa ya kwana cikin gidan sauro, maza kuma su raba gadi.

Kallon ruwan a bar shi sai safe, a bi bayan ɗan jagora da takalmi mai kama ƙasa, kada a taka dutse mai gansakuka, kuma kada kowa ya shiga gurbin da ruwan ke zuba ko da ya iya iyo. Kafin hantsi ya ɗaga a kashe wuta da ruwa, a kwashe shara, a sallami ɗan jagora, a kira sunan kowa a cikin mota kafin direba ya tayar.