Darasi na 7: Yadda Bishiyar Gida Za Ta Yi 'Ya'ya Da Yawa

Gidaje da yawa a Sakkwato suna da mangwaro ko gwaiba ko lemu. Amma sau da yawa inuwa kawai ake samu. Mangwaro ya yi fure da hunturu, mai gida ya sa rai, kafin bazara ta yi nisa 'ya'yan sun zube tun suna ƙanana. Galibi ruwa da taki ne ba sa zuwa wurin da ya dace a lokacin da ya dace.

Saiwoyin da ke shan ruwa ba a gindi suke ba. Suna can daidai inda inuwar bishiyar ta tsaya da tsakar rana. A nan za ka tona ɗan kwari ka zagaye ta, shi za ka riƙa cikawa. Ruwan da ake kwarara a jikin gindi kullum ruɓar da shi yake yi, musamman lemu. Gwamma ka shayar da ita ta ƙoshi sau biyu a mako da ka riƙa yayyafa mata kullum, domin ƙasarmu mai yashi ce, ɗan ruwa ba ya kai ƙasa rana ta shanye shi. Ka yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, sannan ka rufe wurin da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa. Kada su taɓa gindin, saboda gara. Ruwan alwala ma yana da amfani, a daina barinsa yana bin rariya. Na wanki mai omo ne ba a so.

Babban mangwaro yana da nasa hali. Idan damina ta ɗauke a watan Oktoba, ka rage masa ruwa, domin bushewar nan ce ke sa shi fure. Da zarar 'ya'yan sun kai girman gyaɗa, sai ka dawo da ban ruwa, kada ka yanke. A watan Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a nan, kuma a lokacin ne bishiya mai ƙishirwa ke zubar da abin da ta ɗauka. Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a darasin nan. Ƙaramin dashe kuwa ba a hana shi ruwa ko yaushe.

Taki a farkon damina ake sa shi, wajen watan Yuni, a cikin wannan kwarin. Kashin shanu ko na awaki da ya ruɓe sosai shi ya fi. Ɗanye ƙona saiwa yake yi. Mai hali ya ƙara da ɗan takin zamani NPK 15-15-15, amma yawan takin yuriya ganye kawai yake kawowa.

Bayan an gama tsinka, a sare busassun rassa da waɗanda suka cunkushe a tsakiya, iska da rana su shiga. 'Ya'yan da suka faɗi suna ruɓewa a tattara a binne su da zurfi, domin tsutsar da ke cikinsu ita ke zama ƙudan da zai ɓata na sama.

Mai son sabon dashe ya nemi mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan wani tushe, wanda kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, ya bar kamar mita 10 tsakanin mangwaro da mangwaro.

Aikin gida: gobe da tsakar rana ka shata inda inuwar bishiyarka ta tsaya, da la'asar ka tona kwarin.