Darasi na Bakwai: Zana Histogiram a Kalkuleta Mai Zane

Dillalin tumatir a kasuwar Mil 12 ta Legas yakan rubuta kwandunan da ya sayar kowace rana a littafinsa. Amma idan aka tambaye shi kwando nawa ya fi sayarwa a yawancin ranaku, sai ya yi ta juya shafi. Amsar wannan tambaya ita histogiram ke bayarwa. Zane ne na ginshiƙai manne da juna, kowane ginshiƙi yana wakiltar rukunin lambobi, tsayinsa kuma yana nuna sau nawa aka samu lamba a rukunin.

Za mu yi aiki da TI-84 Plus ta kamfanin Texas Instruments, wadda ta fito a 2004. Mai TI-83 Plus ma ya bi mu, hanyar ɗaya ce. Ga misalin cinikin kwana 12 da muka shirya don koyo: 12, 15, 18, 20, 22, 23, 25, 27, 28, 31, 34, 41.

Ku danna STAT, sannan ENTER. Za ku ga layuka masu suna L1, L2, L3. Ku rubuta lambobin a ƙarƙashin L1, kuna danna ENTER bayan kowace. Idan kun tarar da tsofaffin lambobi, ku hau kan sunan L1 ɗin, ku danna CLEAR sannan ENTER. Kada ku taɓa DEL a wurin, domin layin gaba ɗaya zai ɓace daga allo.

Daga nan sai 2nd da Y=, ku shiga Plot1, ku zaɓi On. A wurin Type ku ɗauki hoto na uku, mai kama da gidaje jere. Xlist, wato layin da za a ɗauko lambobin, ya zama L1, Freq kuma 1, wato a ƙirga kowace lamba sau ɗaya.

Yanzu mun zo inda nake roƙon ku nutsu. Akwai gajeriyar hanya, wato ZOOM sannan 9, nan take zane zai fito. Sai dai na'urar ce za ta yanke faɗin ginshiƙan da kanta, kuma sau da yawa takan zaɓi lamba mai ɗigo. Wa ya taɓa lissafa ciniki da kwando biyar da ɗigo wani abu? Na'ura ba ta san kasuwa ba, ku kuka san ta, saboda haka ku yanke faɗin da kanku. Ku danna WINDOW, ku sa Xmin 10 (inda zanen zai fara daga hagu), Xmax 50 (inda zai ƙare a dama), Xscl 10. Wannan Xscl shi ne faɗin kowane ginshiƙi. Ymax, iyakar zanen ta sama, ya zama 8, Ymin kuma, iyakarsa ta ƙasa, -2, don rubutun da zai fito a ƙasa kada ya rufe zanen. Alamar ragin nan, ku yi amfani da maɓallin da ke maƙwabtaka da ENTER ta hagu. Idan kuka danna na ɗebewa, na'urar za ta ƙi karɓa.

Ku danna GRAPH. Ginshiƙai huɗu za su tsaya. Ku danna TRACE, ku riƙa matsawa dama: na farko zai nuna n=3, wato kwana uku ne suka faɗa rukuninsa, na biyu n=6, na uku n=2, na ƙarshe n=1. Ke nan rabin kwanakin, cinikin yana tsakanin kwando 20 zuwa 29. Ku lura da ranar da aka sayar da 20 cif. A ginshiƙi na biyu ta faɗa, domin lambar da ta zo daidai kan iyaka ta ginshiƙin dama ce.

Ku koma WINDOW ku mai da Xscl 5, ku sake danna GRAPH. Wani abu zai bayyana wanda zanen farko ya ɓoye: babu komai tsakanin 35 da 40, ranar kwando 41 tana can gefe ita kaɗai. Wataƙila jajiberin Sallah ce, ko ranar da motocin Arewa suka yi ƙaranci. Dillalin da ya yi odar kaya daga Kano yana dogaro da irin wannan rana, zai kwana da tumatir yana ruɓewa.

Idan wani layi ya ratsa zanenku, tsohon lissafi ne ya rage a Y=, ku shiga ku share shi.

Aikin gida: ku kawo cinikinku na kwana 20, ko kuɗin motar da kuke kashewa kullum daga Agege zuwa wurin aiki. Ku zana shi da faɗi iri biyu, ku kwafe duka biyun a littafinku, mu duba tare ranar darasi na gaba.