Yadda Na Magance Jirin da Ke Kama Ni Idan Na Juya Kai

Kwana shida na yi ina fama da jiri, domin da zarar na ɗago daga sujada, sai in ga ɗakin yana juyawa. Likita ya tabbatar mini cewa ƙananan tsakuwoyin cikin kunnen dama ne suka bar mazauninsu, ya kuma koya mini dabarar Epley, wato hanyar juya kai da jiki mataki-mataki don mayar da tsakuwoyin mazauninsu.

Na zauna a kan gado, na karkata kai digiri 45 zuwa dama, na kwanta rigingine da sauri, matashi a ƙarƙashin kafaɗuna, na daure daƙiƙa 30 duk da zuciyata tana tashi. Daga nan na juya kai digiri 90 zuwa hagu, sannan na mirgina kan gefen hagu ina fuskantar ƙasa, kowanne daƙiƙa 30, kafin na tashi zaune a hankali. A kwana na uku da fara wannan dabara jirin ya ɗauke.